Ba kowace roka ce ke da linzami ba

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in jawo hankalin ma'aikatanku kan wata kalma da ake yawan sa ta inda bai dace ba a labaran yaƙi. Da zarar an harba wani abu mai wuta a wutsiya, sai a rubuta "makami mai linzami". Amfanin linzami dai shi ne a juya abin da aka ɗaura wa shi. Mafi yawan rokokin da ke faɗa wa garuruwa ba su da shi: an saita bututu, an kunna, daga nan sai inda iska ta kai su. Wannan ba gardamar nahawu ba ce, domin da wannan bambancin ne ake gane ko mai harbin na da bakin cewa gini guda ya nufa.

A ɗauki BM-21 Grad, wadda sojojin Tarayyar Sobiyet suka fara aiki da ita a 1963, kuma har yau ana ganinta a yaƙe-yaƙe. Mota ce mai bututu 40. Kaurin kowace roka milimita 122 ne, tsawonta ya kusa mita uku, nauyinta wajen kilo 66, kan da ke fashewa kuma kilo 18 da 'yan kai. Cikin daƙiƙa 20 duka arba'in ɗin sun fita, su ci zangon kilomita 20, su zube a fili mai faɗin ɗaruruwan mitoci. Dalilan warwatsuwar sanannu ne. Roka na barin bututu tun ba ta gama ɗaukar gudu ba, injinta na ci, sai iskar kusa da ƙasa ta turi fikafikan wutsiya, hancin ya karkata wajen da iskar ke fitowa, injin kuma ya ƙara ingiza ta can. Albarushin da ke tura ta yana ci da sauri in ya yi zafi, a hankali in ya yi sanyi, wanda ya daɗe a ajiya ya tsattsage kuwa ba a san yadda zai ci ba. Ga motar kanta tana girgiza da fitar kowace roka. Saboda haka aikin Grad rufe fili ne: taron sojoji, jerin motoci, sansanin manyan bindigogi. Idan aka juya ta kan unguwa, irin abin da ya faru a birnin Mariupol na Yukren a Janairun 2015 ake samu, inda kimanin mutum 30 suka mutu.

Abu na biyu da labarai ke tsallakewa shi ne me aka ɗora a kan rokar. Kan da aka fi sani shi ne mai fashewa ya watsa gutsattsarin ƙarfe, kuma ana iya saita shi ya tashi da taɓa ƙasa ko ya ɗan jinkirta har ya huda rufi. Akwai mai hayaƙi don ɓoye motsin sojoji, da mai haskaka fili da dare, da mai zubo ƙarfe mai ci da wuta don tada gobara. Motar TOS-1A ta Rasha tana harba wani kai da ke fesa mai a iska sannan ya kunna shi, matsin ya bi ramuka da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, sai dai zangonta gajere ne, dole ta matso kusa da fagen daga. Motar Uragan, mai harba rokoki masu kaurin milimita 220, kuwa tana iya shuka nakiyoyi daga nesa, har da 'yar ƙaramar PFM-1 ta roba mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda yara kan ɗauka abin wasa ce.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne kai mai ɗauke da ƙananan bama-bamai. Rokar M26 ta Amurka, da aka yi amfani da ita a yaƙin Tekun Fasha na 1991, tana buɗewa a sama ta zazzago guda 644. Motar M270 na ɗaukar roka 12, ke nan harbi ɗaya bam 7,728. A ce biyar cikin ɗari ne kaɗai suka ƙi tashi, an bar sama da 380 a kwance. Suna ƙin tashi ne domin kowane ɗaya yana da ɗan ƙyalle a bayansa da zai warware a iska ya ɗana shi, sannan sai ya faɗi da baki a kan abu mai tauri. Ya faɗa yashi, ko laka, ko ya maƙale a reshe, sai ya zauna a ɗane yana jiran ƙafa ko fartanya. A kudancin Lebanon bayan yaƙin 2006, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa waɗanda ba su fashe ba za su iya kai miliyan ɗaya. Yarjejeniyar haramta su, da aka sa wa hannu a Oslo a 2008, ta fara aiki a 2010, amma Amurka da Rasha da Sin ba sa ciki.

Mai linzami na gaske ita ce irin rokar GMLRS ta Amurka da motar HIMARS ke harbawa, shida a akwati ɗaya. Tana da na'urar lissafin tafiya a ciki tare da GPS, da ƙananan fikafikai a gaba masu gyara mata hanya, tana cin kilomita 70 ko fiye da kai mai nauyin kilo 90, ta sauka cikin 'yan mitoci daga inda aka nufa. Da ita Yukren ta dinga dukan rumbunan makaman sojojin Rasha da gadar Antonivka a Kherson a 2022. Ita ma tana da lagonta: in aka toshe siginar tauraron ɗan'adam, daidaitonta na raguwa, in kuma aka ba ta lambobin wuri na kuskure, za ta bugi kuskuren daidai wa daida.

Roƙona shi ne wakilanku su riƙa tambayar sunan motar da irin kan da aka harba kafin su zaɓi kalma. A kuma yi hattara da hotuna. Bututun nan da ake gani ya kafe a titi da fikafikai a waje, sau da yawa gangar jikin rokar Uragan ce ko ta Smerch (wata babbar roka irinta) wadda ta riga ta zubar da kayanta a baya ta wuce gaba. Ganinta na nufin akwai yiwuwar ƙananan bama-bamai na warwatse a wajen da ta fito, kuma ita kanta ba a da tabbacin ba komai a cikinta. Labarin da ya ce "roka ta faɗo ba ta fashe ba" yana jawo 'yan kallo. Kamata ya yi ya ce wa mutane kada su taɓa, kada su matsa kusa, su koma ta sawun da suka zo, su sanar da masu kwance bam.

Naku,
Wani mai bibiyar shafinku na labaran duniya