Sholisho ma ƙwaya ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan abin da ake rainawa in an zo batun shaye-shaye, wato sholisho, gam ɗin da ake facin taya da shi. Ni mai facin taya ne a wajen Ƙofar Ƙaura, da shi nake cin abinci, saboda haka na san warinsa fiye da kowa.

Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, hankali ya koma kan kodin da Tramadol. Shi kuwa sholisho ba a kemis yake ba, a shagon kayan babur yake, kuma da ɗan canjin aike yaro zai saya. Ya zuba a tsumma, ya dunƙule a hannun riga, yana tafiya yana zuƙa. Sinadarin da ke cikinsa yana cin ƙwaƙwalwa, yana taɓa hanta da ƙoda, yana kuma iya tsayar da zuciya farat ɗaya ko a zuƙar farko. Za ka ga yaro ido jajir, baki da ƙuraje, magana na sarƙewa, uwarsa kuma tana can tana neman maganin aljanu.

Wani yaron unguwarmu da ya fara a haka, yanzu ko sunan ƙannensa sai ya yi tunani.

Roƙona ga 'yan'uwana masu shago: yaron da ba shi da keke balle babur, me zai liƙe? Kada a sayar masa. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da masu unguwanni su ma su riƙa leƙa shagunan nan, ba kemis kaɗai ba.

Naka,
Wani mai faci, Ƙofar Ƙaura, Katsina