Sanarwa: ana neman masu aikin sa-kai a tseren karnuka na Beargrease

Assalamu alaikum ƴan uwa na Minnesota, barkanmu da sanyi.

Ƙarshen Janairu ya ƙarato, lokacin tseren Beargrease, wanda ake yi tun 1980 don tunawa da John Beargrease, ɗan ƙabilar Ojibwe da ya riƙa kai wasiƙu a gaɓar tafkin Superior da karnuka. Daga Duluth ake tashi har Grand Portage, kusan mil 300, karnuka na jan keken ƙanƙara dare da rana. Masu sa-kai ne ke riƙe da tseren nan, shi ya sa nake so a ga fuskokinmu bana.

Inda aka fi buƙatar mutane shi ne wuraren da hanyar karnukan ta ratsa titin mota. Za a tsaya cikin dare da fitilar goshi, a tare motoci, a jeru kamar katanga don kada karen da ke gaba ya karkata ya bi kwalta, sauran su bi shi. Wani lokaci sai an yi awa biyu ba motsi, sannan ka ji hakinsu daga cikin duhu, kafin ka ƙifta ido sun wuce. Wanda ba ya son taɓa kare, wannan aikin ba ruwansa da taɓawa. A zangonni kuma akwai shimfiɗa wa karnuka ciyawa da ɗebo ruwa.

Don Allah kada a raina sanyin can. Safar hannu biyu, takalmin ƙanƙara, shayi a fulas.

Mai sha'awa ya rubuta sunansa nan kafin Juma'a, mu tsara motoci. Allah ya ba da iko.