Zuwa ga abokan cinikinmu, kan maganar injinan yankan katako da aka dawo mana da su

Assalamu alaikum iyayen gidanmu, alhazai da samari masu aikin katako na Garwa da kewaye.

Wallahi ban so abin ya kai ga rubutu ba, na fi son mutum ya zo shago a zauna kan benci a sha shayi a fahimci juna, to amma magana ta riga ta zaga, ranar Lahadi a kasuwar Pitowa wani ya tare ƙanena a gaban jama'a wai mun koma sayar da jabu. Mu? Shagon da marigayi Baba ya bar mana, wanda wasunku tun suna sara da gatari suke zuwa sayen zarto a wajensa. Abin ya min ciwo ba kaɗan ba.

Gaskiya ne cikin injinan da suka iso mana bayan damina, guda 6 sun dawo, fistan ya kama, wani ko sati biyu bai yi ba. Mun kwance su ɗaya bayan ɗaya, duk cuta iri ɗaya, silinda ta karce ta gefen salansa, buji fari fat kamar toka. Duk makanike ya san wannan alamar zafi ce da ƙarancin mai a cikin fetur.

Da can, ku shaida ne, ba ma ba mutum sabon inji sai mun yi masa rodaj, wato tayarwar farko a hankali don ya saba da aiki, a bayan shago, mu ƙona tankin farko da fetur ɗin gidan mai da man haɗi namu, mu saurari muryarsa, mu ɗan taɓa karbirato in da buƙata, kuma ko dala ba mu taɓa karɓa ba. Amma ku duba inda fetur ya kai. Lita tana sefa 630 a farkon 2023 aka mai da ita 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840, ga Najeriya kuma tun da Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, da muke samun sauƙi da shi shi ma ya tashi, kuma wanda ake samu a kwalabe bakin hanya Allah kaɗai ya san abin da aka zuba a ciki, wani warin kananzir yake tun daga nesa. Shi ya sa muka dakatar da rodaj ɗin, muka koma faɗa wa mutum da baki. Sannan dilan da muke sara a wajensa a Duwala, shekara da shekaru kowane kwali yana zuwa da 'yar gorar awon mai a ciki, wannan karon babu gora babu man haɗin da muka biya, kayan ma sai da suka yi kwana da kwanaki a Ngaundare bayan jirgin ƙasa ya sauke su kafin a samu motar da za ta gangaro da su ta falez, gangaren dutsen nan na hanyar Garwa. Na kira shi ya fi a ƙirga, yau ya ce kwantena gobe ya ce duwan, wato kwastan. To ya za mu yi? Mutane sun ba da kuɗi suna jira, muka fitar da kaya.

Yanzu dan Allah wanda ke da sabon inji a hannu ya saurare ni. Waɗannan namu 'yan Caina ne, ba mu taɓa ɓoye wa kowa ba, awonsu 25:1, wato mai 40 ml a kowace lita, ko 200 ml a bido, wato jarka, mai lita 5. Wanda ya saba da Stihl na Jamus ya san 50:1, rabin wancan ke nan, 20 ml a lita, kuma da man kamfanin. In ka ɗauko awon Bajamushe ka ba ɗan Caina, ka sa shi azumi. Man kuma ya zama na 2T, wanda ake haɗawa da fetur, ba na injin mota ba, ba kuma baƙin mai da aka juye a gareji ba, ko a tankin sarƙa kar a zuba shi, yana kashe famfo. A haɗa a bido a girgiza, kar a haɗa a cikin tanki, kar kuma a haɗa na wata guda a ajiye a rana.

Tankuna 3 na farko a bi shi a hankali. Ka tayar, ka bar shi ya ɗumama, ka fara da ƙananan rassa, kar ka danne wuta har ƙarshe alhali sarƙa ba ta cikin itace, abin da samari ke so ke nan don a ji ƙara a unguwa. Ko littafin Stihl haka ya ce, ya kuma ce inji ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan tanki 5 zuwa 15, saboda haka in ka ji shi sanyi-sanyi a ranar farko ba lalacewa ya yi ba, kar ka kai wa wani ya murɗa sukurun H na karbirato, nan ake kashe inji. Sabuwar sarƙa tana saki, a riƙa duba ta ana ɗaurewa. Ga hunturu ya shigo da ƙura, matatar iska kullum da yamma a kakkaɓe ta.

Su kuma guda 6 ɗin nan muna kan magana da mutumin Duwala, in sha Allahu za a san yadda za a yi, ba za mu bar kowa haka ba, sai dai ba zan yanke rana ba tunda ba a hannuna abin yake ba. Maganar dawo da rodaj ma muna dubawa.

Dattijon nan na Ngong da ya turo ɗansa da inji a buhu ya ce a gyara kawai ba ya son jin bayani, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Haka abokanmu na Gidar da Lagdo da suka kira suka tambaya kafin su yarda da jita-jita, mun gode ƙwarai. Na san akwai shaguna da yawa yanzu a babbar kasuwa, wasu ma sun fi mu araha, ba zan hana kowa zuwa ba, amma ku tambaye su in ya lalace wa zai kwance muku.

Wanda injinsa ke wani irin kuka ya kashe shi ya kawo, da faktir, wato rasit, ko babu, mun san fuskokinku. Makanikenmu yana nan kullum har magariba ban da Juma'a da rana.

Naku,
mai shago da yaransa, Garwa