Lissafin yiwuwa: a koya wa yara da ƙwayar lido

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma akwai kuskure guda da nake gani a takardun ɗalibai duk shekara idan jarrabawar WAEC ta matso. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a shafinku na ilimi.

Ƙwayar lido tana da fuska shida, don haka damar fitowar shida ɗaya ce cikin shida. Wannan babu yaron da bai sani ba. Amma da zarar ka ce a jefa ƙwaya biyu a nemo damar fitowar shida, sai hannu ya tafi wajen tarawa: 1/6 da 1/6, wai 2/6. A zangon da ya wuce na shigo aji da gwangwanin lido, na zana gida 36 a allo, layi shida tsaye na ƙwaya ta farko, shida kwance na ta biyu, na ce su nemo mini gidan shida-shida. Guda ɗaya tak suka samu. Ka ga idan ana so ta farko ta ba da shida, ta biyu ma ta ba da shida, ninkawa ake yi, 1/6 sau 1/6, wato 1/36. Sai na ce su ƙirga gidajen da shida ta fito ko da a ƙwaya ɗaya ce. Kusan duka suka ce 12. Wata yarinya a bayan aji ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, 11 ne, an ƙirga shida-shida sau biyu." Wallahi ranar na koma gida da farin ciki.

Da a ce tarawa ce daidai, duk wanda ya jefa sau shida dole ya ga shida. Wanda kuwa ya taɓa zama yana girgiza gwangwani, 'ya'yansa huɗu na kulle a gida, ya san ba haka abin yake ba. Damar ba ta wuce kusan kashi 67 cikin ɗari ba, domin ƙwaya ba ta tuna abin da ta fitar ɗazu.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A Faransa, wani mai son caca da ake kira de Méré ya ɗauka neman shida a jifa 4 daidai yake da neman shida-shida a jifa 24. Na farko ya ɗan haura rabi, kusan kashi 52, na biyu bai kai rabi ba, kusan kashi 49. Tambayoyi irin nasa ne suka sa masana lissafi biyu na Faransa, Pascal da Fermat, musayar wasiƙu a 1654, inda wannan fanni ya kafu.

Abin da ya fi damuna shi ne samarinmu da ke cika shagunan cacar ƙwallo, abin da addini ya riga ya hana. Yaro ya jera wasa goma a takarda ɗaya, yana ganin kowanne mai sauƙi ne. Ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damar cin goman gaba ɗaya ɗaya ce cikin 1,024. Mai shago ya san wannan lissafi sarai.

Roƙona shi ne ku buga wannan zane mai gida 36 a shafin yara, da bayani cikin Hausa, malamai su yanka su manna a aji. Idan kun amince, zan aiko da zanen da tambayoyi biyar na gwaji.

Naku,
Malamin lissafi, Zariya