Gaisuwar Sallah daga Minneapolis, da labarin makaɗin da bai bar wasiyya ba

Minneapolis, Juma'a, 1 ga Shawwal 1444, 21 ga Afrilu 2023

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah, ku da Yaya da iyalinsa da Auta da dukkan mutanen gida. Allah ya karɓi azuminmu, ya maimaita mana da rai da lafiya. Mun yi Idi da safe a wani babban ɗakin taro tare da 'yan'uwanmu 'yan Somaliya, waɗanda su ne suka fi yawa a cikin Musulmin garin nan, kuma da yake sanyi bai gama sakinmu ba, sai da na ɗora rigar sanyi a kan babbar rigar da Inna ta aiko mini bara. A cikin watan nan ne majalisar birni ta amince a riƙa kiran salla da lasifika sau biyar a rana, har da asuba, amma duk da haka da na tuna a wannan lokaci dawakai sun cika Ƙofar Soro, sai na ji garin ya yi mini shiru.

Yaya ya gaya mini abin da ya shiga tsakanin Baba da Auta a kan zuwansa situdiyon naɗar waƙa, da yadda Baba suka ce ba a taɓa yin maroƙi a gidanmu ba. Ban so in tayar da maganar ta waya ba, domin waya ba ta barin mutum ya tsara zancensa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kuma sai aka yi dace Sallar bana ta faɗo a ranar da wani makaɗi ɗan garin nan ya cika shekara 7 da rasuwa. Bayan saukowa daga Idi na ɗauki fasinjoji biyu daga filin jirgi, sanye da tufafi masu launin shunayya, na kai su gidansa da ke Chanhassen, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar gari. Labarinsa nake so in ba ku, domin ina ganin akwai abin da Baba za su ɗauka a ciki, akwai kuma abin da Auta zai ɗauka.

Sunansa Prince Rogers Nelson, kuma Prince ɗin, wato yarima, sunan yanka ne, ba laƙabi ba. An haife shi a nan Minneapolis ranar 7 ga Yuni 1958. Mahaifinsa, John Nelson, makaɗin fiyano ne, mahaifiyarsa kuma mawaƙiya ce, amma aurensu ya mutu tun yaron yana ƙarami, ya yi ta kai da komo tsakanin gidajen biyu, har a ƙarshe ya sami mafaka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan su abokinsa André Cymone. A kan fiyanon mahaifinsa ya fara tun yana ɗan shekara 7, daga nan ya kama jita, ya kama ganguna, ya kama jita mai kaurin murya wadda ake kira bas. Gajere ne ƙwarai, bai kai kafaɗar Yaya ba, amma har ƙwallon kwando ya buga a makarantar sakandare.

Abin da ya raba shi da sauran makaɗa shi ne wannan yawan hannu. A wurinmu Baba sun sani, mawaƙi daban, masu kalangu daban, 'yan amshi daban, kowa da matsayinsa a bayan Shata. Shi kuwa Prince da kamfanin Warner Bros. ya ɗauke shi a 1977, bai cika shekara 20 ba, sai ya kafa sharaɗin cewa shi zai shirya faifansa da kansa, ba za a ɗora masa wani babba a kai ba. Kamfanin ya yi shakka, aka gwada shi a situdiyo, aka ga ya iya. Faifan farko, For You, ya fito a 1978, kuma an rubuta cewa shi kaɗai ya kaɗa dukkan kayan kiɗa 27 da ke ciki, shi ya tsara waƙoƙin, shi ya rera, shi ya yi wa kansa amshi. Yadda ake yi shi ne a naɗi ganguna su kaɗai, sannan ya sa na'urar sauraro a kunne ya bi su da bas, ya dawo ya ɗora fiyano, ya dawo ya ɗora jita, ya rufe da murya, kowanne a layinsa, har a haɗa su su zama kamar mutum goma ne suka taru. Wanda bai riƙe dukan waƙar a kansa tun kafin ya taɓa ganga ba, ba zai iya wannan ba, domin kuskure ɗaya a gangar farko zai bi duk abin da aka ɗora a kanta.

A wancan zamani kamfanonin faifai na Amurka suna raba kiɗa gida biyu, na baƙaƙe da na farare, kuma kiɗan rok da jitar lantarki an mai da su na farare, ko da yake baƙaƙe irin su Chuck Berry da Jimi Hendrix suna cikin waɗanda suka gina shi. Prince ya ƙi a ajiye shi a gida ɗaya. Bai sha da daɗi ba da farko, domin a 1981, da aka sa shi ya buɗe wa ƙungiyar Rolling Stones fili a Los Angeles, 'yan kallo suka yi masa ihu, suka jefe shi da tarkace har ya sauka. Shekara uku bayan haka, a 1984, ya fito da fim da faifai masu suna Purple Rain, wato ruwan sama mai launin shunayya, faifan ya yi mako 24 yana kan gaba a kasuwar Amurka, kiɗan fim ɗin kuma ya ci kyautar Oscar. An ɗauki wasannin fim ɗin a First Avenue, wani gidan wasa da a da tashar mota ce, wanda nake wucewa ta gabansa kusan kullum.

Ba zan ɓoye wa Baba komai ba, don kada a ce na zaɓi mai daɗi na kawo. Waƙoƙinsa na ƙuruciya da yawa batsa ce tsagwaronta, shigarsa ma ba ta mutunci ba ce, har wata waƙarsa ce ta sa matar wani sanata, Tipper Gore, ta tayar da gangami a 1985, wanda ya kai ga liƙa wa faifai takardar gargaɗi ga iyaye. Wannan ɓangaren ban yaba ba, ba kuma shi nake nuna wa Auta ba. Shi kansa daga baya, bayan ya shiga addinin Shaidun Jehobah a 2001, ya daina rera mafi munin waƙoƙin, ya hana ashar a gidansa, har yakan bi gida gida yana wa'azi a nan Minnesota.

Bara, bayan na gaji da sauke mutane a bakin ƙofa ina juyawa, na sayi tikiti na shiga gidan nasa, Paisley Park, wanda ya buɗe a 1987, aka mai da shi gidan tarihi a shekarar da ya rasu. Daga waje kamar masana'anta yake, fari, ba ado. Ana karɓar wayar mutum a kulle ta a cikin jaka kafin ya shiga. Na yi zaton zan ga gidan shashanci, sai na tarar da wurin sana'a: ɗakunan naɗar sauti, da filin gwaji mai girman ɗakin taro, da jitoci a jere, da tufafin da teloli suke ɗinka masa a cikin ginin. Waɗanda suka yi aiki da shi sun sha faɗin cewa yakan gama wasa na sa'o'i, ya tafi wani ƙaramin wuri ya sake yin wani, sannan ya ta da injiniya da tsakar dare a shiga situdiyo. Faifai 39 ya fitar a rayuwarsa, ban da ɗimbin waƙoƙin da ya naɗa ya kulle a wata ma'ajiya a ƙarƙashin ginin. A nan na tuna da Auta, wanda Yaya ya ce yana danna kwamfuta ta fitar masa da kiɗa a cikin rabin sa'a.

Maganar da na fi so Auta ya ji ita ce ta kwantiragi. Duk da wannan baiwa, ainihin naɗin waƙoƙinsa, wanda daga shi ake buga kwafi a sayar, mallakar kamfani ne, domin haka takardar da ya sa wa hannu ta ce. Kamfanin ne kuma yake yanke lokacin da faifai zai fito, shi yana so ya fitar da yawa, su suna cewa kasuwa ba za ta ɗauka ba. Da abin ya ishe shi, a 1993 ya ajiye sunansa, ya ce ai har sunan da iyayensa suka raɗa masa ya zama hajar kamfani, ya koma amfani da wata alama da ba ta da lafazi, yana fitowa bainar jama'a da kalmar bawa rubuce a kumatunsa. 'Yan jarida suka mai da shi abin dariya, cinikinsa ya ragu. Ya rabu da kamfanin a 1996, ya koma sunansa a 2000, amma sai a 2014 aka dawo masa da mallakar tsofaffin waƙoƙinsa, shekara 21 bayan fara rigimar. Idan wanda duniya ta sani ya sha wannan, Baba su duba yaron da zai rera waƙa a ba shi kuɗin mota, a ɗora ta a intanet da sunan mai situdiyo.

A jita kuwa, waɗanda suka raina shi sun dawo sun sallama. A 2004, wajen bikin shigar da shi zauren girmama makaɗan rok, ya kaɗa jita a wata waƙa ta tunawa da marigayi George Harrison, makaɗin ƙungiyar Beatles, manyan makaɗa suna tsaye suna kallonsa, da ya gama ya wurga jitar sama ya yi tafiyarsa. A 2007 ya yi wasa a tsakiyar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a Miami, ruwa yana zuba, yana riƙe da jitar lantarki, bai fasa ba. Labarinsa ya kai har maƙwabtanmu, domin a 2015 an fitar da wani fim da aka yi a Agadez da harshen Buzaye a kan tsarin fim ɗinsa, Mdou Moctar ne jarumin, shi da ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke saboda iyayensa ba sa son kiɗa. Da yake harshen ba shi da kalmar shunayya, sai suka ce shuɗi mai ɗan ja a ciki.

Ƙarshensa abin tausayi ne. Shekara da shekaru yana tsalle a dandamali da takalmi mai tsini sun lalata masa ƙugu, ya shiga shan maganin kashe zafi a ɓoye, shi da aka sani ba ya son a sha ƙwaya a kusa da shi. Ranar 21 ga Afrilu 2016 aka same shi a cikin na'urar hawa bene a Paisley Park, ya rasu yana da shekara 57, kuma bincike ya nuna abin da ya kashe shi ƙwayoyin jabu ne masu ɗauke da fentanil, wani maganin kashe zafi mai ƙarfin gaske. Ba mata a lokacin, ɗansa ɗaya kuma ya rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwa a 1996. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mutumin da ya yi shekara 21 yana faɗa a kan takarda bai bar wasiyya ko layi ɗaya ba. Ƙanwarsa da 'yan'uwansa biyar suka shiga kotu, aka yi shekara 6, biyu daga cikinsu suka rasu kafin a gama, sai a 2022 aka rufe shari'ar bayan an yi wa dukiyar kuɗi dala miliyan 156. Waƙoƙin da ya kulle, yanzu wasu ne suke yanke wadda za ta fito.

Abin da nake roƙon Baba, in sun ga ya dace, shi ne a bar Auta ya koyi abin a gaban idonmu maimakon ya koya a ɓoye, amma da sharaɗi. Ya gama makaranta tukuna. Ya koyi kaɗa abu ɗaya da hannunsa har ya ƙware, kada ya tsaya ga dannawa. Kada bakinsa ya furta abin da ba zai iya maimaitawa a gaban Inna ba. Kada ya sa hannu a kowace takarda sai Yaya ya karanta, ni ma an turo mini hotonta. Ƙwaya kuwa, ko ta ciwon baya ce, in ba likita ya rubuta ba, ranar da aka gan shi da ita ni da kaina zan janye wannan roƙo. Na sayi ƙaramin fiyano na lantarki, yana nan a kwalinsa, ba zan aiko ba sai Baba sun ce in aiko, in kuma sun ce a'a zan mayar wa masu shago, ba zan sake tayar da maganar ba.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya, akwai na Inna daban, akwai na yara, akwai kuma na Gwaggo. A gaishe mini da Liman da maƙwabta, a ce ina neman addu'a. Auta ya karanta wa Inna wasiƙar nan da kansa, kada ya tsallake inda aka yi maganar makaranta.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya