Barka da Sallah daga garin da rana ta ƙi faɗuwa

Assalamu alaikum Baba, Inna, Yaya da su Auta. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Mun sauko idi ɗazu, na dawo ɗaki na zauna da jallabiyata da rigar sanyi a samanta, yau ma ai sun ce an yi ɗumi amma bai fi digiri goma ba, sai kawai na ji ƙamshin suyar Inna a hancina alhali ba komai a ɗakin sai shayi da burodi. Yaya ya turo min hoton ragon, ma sha Allah ya yi kyau, Allah ya sa a mizani.

Inna kin tambaye ni a waya wai da gaske ne babu dare a nan. Wallahi da gaske ne, Tromso can sama take a arewacin Norway, tun wajen 20 ga Mayu rana ba ta sake faɗuwa ba kuma haka za mu tafi sai ƙarshen Yuli, ƙarfe sha biyun dare ka leƙa taga ka ganta a rataye kamar la'asar sakaliya, shi ya sa masallacinmu da lokacin Makka ake sallah. Da hunturu kuma akasin haka, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ko ƙyallinta ba ka gani. Barci dai ina fama, sai na rufe taga da baƙin labule.

To Baba kai kuma ka ce kullum in an tambaye ka me yaron nan yake karanta sai ka ce dabbobi, mutane su zaci likitan dabbobi ne. Wannan zangon kwas ɗin da ya fi shiga raina shi ne na yadda jikin dabba yake aiki da yadda yake daidaita da wurin da Allah ya ajiye ta, zafi ko sanyi ko ƙishi. Kuma abin da ya sa na kasa haƙuri sai na rubuta muku yau, ranar da malamin ya kunna majigi hoton farko da ya fito raƙumi ne, irin namu mai tozo ɗaya, ni kaɗai ne a ajin na taɓa shafa wuyansa. Wani masani ɗan ƙasar nan, Knut Schmidt-Nielsen, shi ya je Beni Abbes cikin saharar Aljeriya a shekarun 1950 ya zauna yana auna raƙuma. Tozon nan kitse ne, ba ruwa a ciki, wannan kam Kawu ya sha faɗa mana. Abin da ban sani ba, in raƙumi ya ji ƙishi ba ya yarda ya ɓata ruwansa a gumi, sai ya bar jikinsa ya yi ta ɗaukar zafi, da asuba yana wajen digiri 34, kafin yamma ya haura 40, in dare ya yi iskar sahara ta kwashe zafin kyauta. Mun yi lissafi a aji, raƙumi mai kilo 500 yana tsira da kusan lita 5 a rana ta wannan hanyar kaɗai. Mutum in jikinsa ya kai 40 ai sai asibiti. Yana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa don ƙishi yana tafiyarsa, ya samu rijiya ya zuƙe lita ɗari cikin 'yan mintuna jininsa bai lalace ba.

Amma wadda ta sa na kusa hawaye a aji gaiwa ce. Kaka, a karanta miki nan da ƙarfi. Kin tuna da rani in mun je fadama muna tono ta a busasshen laka, kina ce mana gaiwa jikinta take ci? To wallahi haka yake a littafin, da zane da komai. Tana da huhu, iska take shaƙa kamar mu, in ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin taɓo ta naɗe, ta fitar da yauƙi ya bushe a jikinta kamar leda, ta bar 'yar ƙofa daidai baki don numfashi, aikin jikinta duk ya yi ƙasa sosai, tana ɗan cin tsokarta a hankali har wata da watanni. Dattin da kifi yake zubarwa cikin ruwa, ita da ba ruwan sai ta juya shi zuwa wani sinadari mara dafi sosai, yuriya, irin na fitsarinmu, ta tara shi a jiki sai damina ta sauka ta wanke. Na ɗaga hannu na ce ni na tono ta da hannuna kuma mun ci miyarta, ajin duk suka juyo, malamin ya sa na fito na nuna musu yadda ƙunshin yake in ka fasa ƙasar. Na ce musu kakata ce ta koya min.

Mutanen nan kuma tasu dabbar wata irin barewar ƙanƙara ce mai ƙaho reshe-reshe, mutanen Sami, wata ƙabila 'yan asalin arewacin nan, ke kiwonta suna bin ta kamar yadda Fulani ke bin shanu. Jijiyoyin ƙafarta a manne suke, jinin da ke sauka da ɗumi yana ɗumama mai dawowa, don haka ƙafar na sanyi amma ciki na nan da zafinsa. Can cikin idonta ma launi yake sauyawa, ruwan zinariya da bazara, shuɗi da hunturu. Kuma masu bincike na jami'ar nan sun gano in rana ta daina faɗuwa ita ba ruwanta da dare da rana, ta ci in ta ji yunwa ta kwanta in ta gaji. Ni dai jikina bai kai nan ba tukuna, har yanzu agogon gida yake bi.

Auta ga aikinka, kar ka manta don Allah. In an gama babbaka za a fasa kan ragon nan, ka duba cikin hancin, za ka ga wasu siraran ƙasusuwa a nannaɗe kamar an naɗe tabarma, a nan jini ke hucewa in rago yana haki, shi kuma ya sanyaya jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa don kar zafi ya taɓa ta. Ka ɗauka min hoto kusa-kusa da haske mai kyau. Ƙodar ma kafin Inna ta jefa a mai ka raba ta biyu a tsaye ka ɗauka, zan nuna wa 'yan ajinmu, su a leda kawai suke ganin nama.

Jarrabawa ta kusa, Baba a sa ni a addu'a. A gaishe min da Kawu da Gwaggo da maƙwabta duka, kuɗin barka da sallar yara yana wajen Yaya. Zan kira bayan isha'inku, a kai wa Kaka wayar tun farko kafin ta yi barci.

Naku ɗanku.