Kafin mu kwafo gidan Dubai a salula

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya zafi. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda muke gina gidaje yanzu a nan Maradi.

Duk wanda Allah ya ba fili a unguwar Zariya ko Ali Dan Sofo, abu na farko sai ya shiga Facebook ko TikTok ya kwafo hoton gidan Dubai ko na Turkiyya ya miƙa ma magini ya ce irin wannan nake so. Haka ƙanena ya yi bara. Ƙatuwar taga ta gilashi tana kallon yamma, tsakar gida duk an shafe da karo, wato tayil, dogon yaron da ya iske a filin kuma ya sa aka sare wai yana ɓata fuskar gida. A hoto kam ya yi kyau ba ƙarya. Amma da Afrilu ya kama zafi ya haura 40, ƙarfe biyu na rana yaro ba ya iya taka tsakar gidan ba takalmi, kuran na ɗaukewa sai ka ga mai gida da tabarma a hammata yana neman inuwar ƙofar maƙwabci, ita kuma ciyawar ado da ya shuka ko wata ba ta yi ba ta koma harawa.

Ni abin da ke ba ni mamaki, abin kallo ba mu rasa shi ba. Ka tafi Damagaram ka zaga unguwar Birni ka ga zanen bango da zankwaye a saman soro. Masallacin Yaama a jihar Tawa da laka Falke Barmu ya gina shi, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, mutane na zuwa daga nesa suna ɗaukar hoto mu kuma muna can Dubai. Zaure, bango mai kauri, 'yar taga can sama, duk saboda ranar nan tamu aka yi su ba don rashin wayewa ba.

Ban ce a koma laka zalla ba, mun ga abin da ruwan 2024 ya yi wa gidaje a garin nan, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Amma a ƙauyen Dandaji na jihar Tawa 'yar ƙasarmu mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina masallaci da bulon ƙasa wanda inji ya matse, ginin zamani ne sosai kuma ƙasarmu ce.

Batun lambu ma, tsakar gidan innata ya ishe ni makaranta. Zogale uku, lalle a jikin katanga, lemun tsami ɗaya daidai wurin da ake alwala shi ke shan ruwan, randa a gindinsa. Ba ta taɓa sayen taki ba, na awaki ne.

Roƙona Malam Edita, ku riƙa aika mai hoto yana ɗauko mana tsofaffin gidajen Maradi da Tibiri kuna bugawa, magina su samu abin nuna ma masu gida. Ƙanen nawa dai ya fasa karon tsakar gida guda huɗu ya dasa ɗan dogon yaro, ya kewaye shi da bulo saboda akuya, yanzu ya kawo mishi gwiwa.

Naku,
Wani mai karatu daga Maradi